Lallen da Aka Sa Mini a Haƙarƙari

Ni tela ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina taka keke a unguwar Zango, nan Damagaram, tun ina yaron shago mai ɗaura maɓalli har na buɗe nawa da keke huɗu. Duk wanda ya san sana'armu ya san goman ƙarshe ta azumi ba ta barci ba ce. Shadda ta taru har ta kusa taɓa rufi, kowa da ranar da aka yanka masa, kuma in za a faɗi gaskiya kowa an ɗan yi masa ƙarya. A irin wannan dare ne, azumin 2022, cikin zafin nan na Afrilu da ko bango ka dafa sai ka janye hannu, abin ya same ni.

An sauko daga asham na koma shago. Ina kan wuyan wata jamfa sai na ga yadin yana sulɓewa daga ƙarƙashin hannuna na hagu, ɗinkin ya bar layi. Na ce gajiya ce. Na aiki hannun ya gyara, hannu ya ƙi zuwa. Na buɗe baki in ce wa babban yarona ya miƙo mini ruwa, maganar ta fito kamar ta wanda ya cika baki da dawo. Yaron ya dube ni ya ce, "Maigida, bakinka ya karkace." Na yunƙura in tashi, sai na tafi gaba ɗaya ta hagu na zube a kan tarin kayan mutane. Ba don shaddar nan ba da ƙarfen keke kaina ya sara.

Gida aka kai ni, ba asibiti ba. Yayana da ya zo ya gan ni ya ce wannan ai ba ciwon asibiti ba ne, iska ce, mutumin da ke kai wa sulusin dare a shago me ake jira ya same shi? Aka yi tofi, aka yi hayaƙi, aka wanko rubutu ana ɗura mini yana zubowa ta gefen baki. Ban riƙe kowa a zuciya ba, don da wani ne ya faɗi, ni ma abin da zan ce ke nan. Kwana biyu muna haka, sai wani maƙwabcinmu ma'aikacin jinya ya shigo gaisuwa da abin awonsa na hawan jini. Ya ɗaura mini a damtse, ya matsa, ya duba, ya sake matsawa. Ya juya wajen uwargida ya ce, "Hajiya, ɗauko mayafinki. Tansiyonsa ashirin da ɗaya." Na mai lafiya bai kamata ya kai sha huɗu ba.

Nan laifina yake, kuma nawa ne ni kaɗai. Tun 2019 aka gaya mini ina da hawan jini, aka rubuta mini ƙwaya. Na sha wata guda, ciwon kai ya tafi, na ce na warke. Kuɗin ƙwayar wata bai kai na zaren surfanin riga ɗaya ba.

A asibiti aka sa kaina cikin sikana. Likita ya nuna wa uwargida wani tabo mai duhu ta ɓarin dama, ya ce gudan jini ne ya toshe jijiya, wurin da jijiyar ke shayarwa ya mutu da ƙishi. Ta ce, "To ai hagu ne ya shanye, likita." Ya ce haka aka halicce mu, damar ƙwaƙwalwa ke riƙe da linzamin hagun jiki, hagunta kuma na dama. Ya ƙara da cewa akwai allurar da ke narkar da gudan a inda ake da ita, amma sai an kai mutum cikin awa huɗu da rabi. Mu mun zo bayan kwana biyu. Ana can ana hawan sallah a ƙofar fada, ni ina kallon silin. Kwana goma sha ɗaya aka sallame ni da amlodipin da asfirin da takardar zuwa wurin kine, wato masu gashin ƙashi kamar yadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce musu.

Ba zan daɗe a kan watannin farko ba, duk gidan da aka yi wannan jinya an san su. Abu ɗaya zan faɗa don ba a cika faɗarsa ba: hannun hagu shi ne hannun tsarki. Mutum mai shekara hamsin da uku, mai surukai da jikoki, sai an riƙe masa buta. Sannan ga kuka. In aka shigo gaishe ni aka ce "sannu Malam", sai hawaye, ba baƙin ciki ba komai, in so in tsaida in kasa. Daga baya na ji cewa ciwon ne ke kawo hakan ga mutane da yawa, amma a lokacin kunya ta fi ciwon cina.

Sau uku a mako ake ɗora ni a adaidaita zuwa wurin kine, kuma sun yi ƙoƙarinsu. Su miƙe ƙafa, su lanƙwasa, su tsaida ni tsakanin ƙarafa biyu. Cikin wata uku na miƙe da sanda mai ƙafa uku. Sai dai tafiyar da na samu ba tafiya ba ce. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ta sandare kamar taɓarya. Tafin ƙafa ya rataya, yatsu suna kallon ƙasa. Don kada su ja ƙasa sai in ɗaga ƙugu in wurga ƙafar ta gefe, ta zagayo kamar lauje, ta sauka a kan gefenta. Hannun kuwa ya naɗe a ƙirji kamar na mai ɓoye kuɗi. Takalmina na hagu na nan na ajiye shi, gabansa ya cinye har ya huje, dunduniyarsa sabuwa fil, don ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Tsakanin ƙofar gidana da masallacin unguwa gida tara ne. Wata la'asar cikin Yuli na ce yau sai na je. A gida na uku akwai yashin da ruwa ya tara, yatsuna suka nutse ciki, na kife. Yaran da ke buga ƙwallo ne suka ɗaga ni, wani cikinsu ni na ɗinka masa rigar suna. Daga ranar na daina fita, na daina zuwa wurin kinen ma. Na ce abin da ya dawo ya dawo, sauran sai a lahira.

Uwargida ce ba ta haƙura ba. Wata maƙwabciyarmu tana da jika da aka haifa da wahala, shekara guda bai riƙe wuya ba, tana kai shi wurin wani matashin kine da ke aikin yara. Uwargida ta raka ta sau ɗaya, ta dawo tana ba ni labari: wai ba ya murza yaro, ba ya jan ƙafarsa, kwantar da shi yake ya danna wani wuri da yatsa, yaro ya yi ta tsala kuka amma sai ka ga ƙafafu sun naɗo da kansu. Ta ce ta tambaye shi ko ana yi wa manya, ya ce zai zo ya gani. Na ce mata, "Yanzu abin ya kai a haɗa ni da jarirai?" Ta ce, "Malam, ai da ma goyonka nake." Ban yi mata magana ba har dare.

Ya zo bayan la'asar a kan babur, yaro ne da bai wuce sa'an ɗana na biyu ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce in yi tafiya ya gani. Ya auna mita goma a tsakar gida da igiya, ya danna agogon waya. Daƙiƙa hamsin da biyu. Muka zauna, yana duba ƙafar, sai na yi hamma irin ta mai zaman banza. Hannun nan da ya yi wata huɗu bai ji maganata ba ya ɗago da kansa daga cinyata, yatsun suka ɗan buɗe, hamma na ƙarewa ya koma ya faɗi. Na saba ganin haka, ɓoyewa ma nake, don yayana ya taɓa gani ya ce to ga shaida, mai abin yana ciki.

Kinen ya ce, "Baba, wa ya ɗaga hannun nan?"

Na ce, "Ba ni ba ne."

Ya ce, "Kuma ba aljani ba ne."

Ya ce motsin jiki iri biyu ne. Akwai wanda kake aikawa da niyya, shi ne hanyarsa ta yanke a kaina. Akwai kuma wanda jiki ke yi ba da shawararka ba, kamar ƙiftawar ido in ƙura ta taso. Ya ciro ƴar gudumar roba ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwata, ƙafar da nake kira matacciya ta yi harbi har ta kusa samun haɓarsa. Ya ja makullin babur a tafin ƙafar, babban yatsa ya ɗaga sama. Ya ce a babba mai lafiya ƙasa yake lanƙwasawa, jarirai ne nasu ke ɗagawa, kuma wannan alama ce ta cewa saƙon sama ba ya isowa yadda ya kamata. Sai ya tambayi uwargida ko ta taɓa riƙe jariri sabon haihuwa ta hammata, ta taɓa ƙafarsa da ƙasa. Ta ce sau nawa, ai jefa ƙafa yake ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya, in ya yi wata biyu ya daina. Ya ce, "To wa ya koya masa, Inna? Tsarin yana nan a ajiye cikin laka da gindin ƙwaƙwalwa tun kafin mutum ya san sunansa. Kazar da aka yanka ba ta tashi ta yi gudu?"

Na ce, "Ɗana, ai shure-shure ba ya hana mutuwa."

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Kai ba a yanka ka ba, Baba."

Dabarar tana da suna, sunan wanda ya gano ta. Ana rubuta shi Vojta, a baki kuwa kamar Boita. Likitan jijiyoyi ne ɗan ƙasar Cek, an haife shi a 1917. A shekarun 1950 yana aiki da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu tun haihuwa, masu sandararrun gaɓoɓi, sai ya lura in ya kwantar da yaro ta wata siga ya danna wasu wurare, ya kuma hana shi juyawa, jikin yakan amsa da motsi iri ɗaya kullum, kuma bayan an gama taurin yakan ragu. A 1968, shekarar da tankokin Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasarsu, ya yi ƙaura zuwa Jamus, ya ci gaba da aikin a can har ya rasu a birnin Munik a 2000. Motsi biyu ya gina dabarar a kansu, na jan ciki da na mirginawa, wato abin da jariri ke yi kafin ya miƙe. Kinen namu a wani horo da ya je ƙasar waje ya koyo ta, don yara.

Abin da ya sa na yarda da yaron nan shi ne bai sayar mini da ita ba. Ya ce a kan yara aka gina ta, daga baya aka fara gwada ta a kan manya masu shanyewar ɓarin jiki da masu raunin laka, kuma binciken da aka yi a kan manya ƙanana ne, likitoci da yawa ba su gamsu ba tukuna. Ya ce ba za ta maye gurbin ƙwayar tansiyo ba, ba za ta maye gurbin tashi a yi tafiya ba. Ya ce mafi yawan abin da ke dawowa a wannan ciwo cikin wata uku zuwa shida na farko yake dawowa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuma ina wata na huɗu ina kwance ina fushi. Da ya ce mini zan warke sarai, da na sallame shi da na goro, don na ji irin wannan daga bakin mutum biyar, kowanne da kwalbarsa.

Katifa ta yi laushi, ya ce wuri mai tauri yake so. Aka ɗauko teburin yanka daga shago, wanda na shekara ashirin ina shimfiɗa yadi a kansa, aka shimfiɗa ni. Daga ni sai gajeren wando. Na kwanta rigingine, ya juya kaina kaɗan ta wajensa, ya tallafe ƙeyata da hannu ɗaya. Da babban yatsan ɗaya hannun ya lalubi tsakanin haƙarƙari biyu, ƙasa da nono, ya danna ciki yana nufar ƙashin baya. Ba zafi, nauyi ne kawai, kamar an ɗora maka dutsen guga. Ya ce kada in taimaka, kada in hana, in bar jiki.

Minti ɗaya ba komai. Ina jin kiran ɗan ga-ruwa a waje, ina cewa a raina an zo da sabon salo na cin kuɗi. Sai numfashina ya canza. Ya sauka ƙasa, can cikin ciki, haƙarƙarin hagu da ya yi wata huɗu kamar an ɗaure shi da igiya ya buɗe. Na haɗiye yawu ba shiri. Tsikar jikina ta tashi, zufa ta keto mini a goshi. Kaina ya so ya juya ɗaya gefen, ya riƙe shi. Yana riƙewa sai na ji cibiyata ta ja ciki, wani abu ya motsa a cinyar hagu, can sama kusa da mara, kamar kifi a ƙarƙashin ruwa. Gwiwar ta ɗago daga tebur, bai fi faɗin yatsa biyu ba, tana rawa. Uwargida ta ce, "La ilaha illallahu." Ni kuwa kukan nan nawa ya zo.

Kada wani ya ɗauka ƙafa ta tashi sama kamar ta jaririn maƙwabciya. A manya amsar ba ta fitowa haka, wani lokaci ma sai mai dannawa ne ke jin ta a ƙarƙashin yatsansa. Amma da ya sauko da ni ya ce in taka, sai na ji ƙafar ta yi sauƙi kamar an cire mata buhu. Ya sake danna agogo: arba'in da huɗu. Bayan kamar awa guda taurin ya dawo inda yake.

Wannan awar ita ce jarinmu. Ya ce aikin ba na zuwansa ba ne, shi sau biyu a mako zai iya. Ana so a yi har sau huɗu a yini, minti biyar zuwa ashirin, kuma duk lokacin da aka gama in tashi in yi tafiya tun ƙafar tana da sauƙi, don ƙwaƙwalwa ta riƙa ganin tafiyar kirki tana kwaikwayo. Ke nan dole wani a gida ya koya. Ƴaƴana maza suna shago suna riƙe mana abinci. Ya dubi hannun uwargida, hannun da ya shekara talatin yana daka da tuƙin tuwo, ya ce wannan ya isa.

Wurin ne ke ɓace mata. In ta sauka da faɗin yatsa ɗaya, sai ta danna ƙashi, in yi ƙara. Na ce a kawo allin tela a yi alama, zufa ta goge shi kafin azahar. Ya zana da bik, wanka ya tafi da shi. Ranar da ya dawo ya tarar ta kwaɓa lalle a murfin kwalba. Ya nuna wuraren, ta ɗiga: ɗaya a haƙarƙari kowane gefe, ɗaya a ƙashin gwiwar hannu ta ciki, ɗaya a gefen dunduniya ta waje. Ni da ko ranar aurena ban yarda abokai sun sa mini lalle ba. Duk sati biyu take sabuntawa, ta naɗe da leda, in zauna kamar amarya ina jira ya kama.

Na dunduniyar shi ne na jan ciki, kuma shi ya fi wuya. In kwanta rub da ciki, fuska ta juya gefe ɗaya, hannun wannan gefen a miƙa shi gaba a kafa gwiwarsa, ƙafar ɗaya gefen a ɗan naɗe ta. Ta riƙe dunduniya da hannu ɗaya, gwiwar hannu da ɗayan, ta danna su kamar tana so su haɗu a tsakiyar bayana. Hannun dama da ƙafar hagu, ko hannun hagu da ƙafar dama, yadda mai tafiya ke jefa su a saɓa. In ya kama sai in ji dunduniyar tana tura hannunta, tana neman abin da za ta taka, gadon bayana ya miƙe kamar an ja zare. Wannan turawar ita ce abin da ƙafata ta manta.

Muka ɗaura shi a kan salloli don kada a manta: bayan asuba, da hantsi, bayan la'asar, bayan isha. Ba zan ce zaman lafiya aka yi ba. Akwai ranar da na ture hannunta na ce ta fi son ta ga ina wahala. Ta wanke hannu ta shiga ɗaki, la'asar ta wuce, isha ta wuce. Washegari ƙafar ta tashi kamar icce. Na aika ƙaramar ƴarmu ta ce mata Baba ya hau tebur. Ta bar ni a kai kusan rabin awa kafin ta fito, kuma ranar ta danna da gaske.

Cikin Satumba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, ya ce a dakata, ba a yi da zazzaɓi a jiki. Kwana goma, na koma baya kamar ban fara ba, sannan a hankali ya dawo. Ya kuma ja mana kunne kada uwargida ta ɗauki abin ta je tana danna wa mutane don ta ga ya yi mini: mai ciki, mai ciwon zuciya, mai ƙashi marar ƙwari, kowanne sai an duba shi tukuna. Ya san halin garinmu, yau ka sha magani ka ji daɗi, gobe ka zama boka.

Abin da ya fara gyaruwa ba ƙafa ba ce. Yawun da ke zubo mini ta gefen baki ya tsaya. Na fara zama a miƙe ba tare da na zube ta hagu ba, har na iya zaman tahiya a ƙasa. Sannan gwiwa ta fara saki in na ɗaga ƙafa. Yatsun ne suka ƙi, suna nan suna jan ƙasa. Ya ce akwai takalmin roba mai riƙe idon sawu, amma sai an auna an yi oda, da tsada. Na ce ya zana mini yadda yake aiki. Da na gane, na aika aka kira wani baduku abokina, garin nan ai ba a rasa masu aikin fata ba. Ya yi mini abin ɗaurawa a ƙwauri da zobe, ni kuma na sa yarona ya ɗinka lastik mai faɗi, irin na ƙugun wando, ninki uku, daga zoben zuwa gaban takalmi. In na ɗaga ƙafa lastik ya ɗago yatsu. Kinen ya juya shi ya duba, ya sa aka rage ƙarfinsa kaɗan, ya ɗauki hotonsa a waya.

Hunturu ya zo da nasa, sanyi na ƙara taurin, sai an gasa ƙafar da ruwan ɗumi kafin a hau tebur. A cikin Janairun 2023 ne, da asuba, ina takawa a tsakar gida bayan dannawa, na ji wani sanyi a wurin da na manta da shi. Dunduniyata ce ta sauka a kan siminti kafin yatsu. Na tsaya. Na sake takawa, ta sake sauka. Mita goma a lokacin daƙiƙa ashirin da ɗaya. Sati biyu bayan haka na wuce gida tara ɗin nan da sanda mai ƙafa ɗaya, na bi ta gefen yashin, na shiga sahu a ƙarshe ta bango. Liman ya waiwayo bayan sallama ya gan ni, bai ce komai ba, ya ɗaga hannu aka shafa.

Yanzu in kun tambayi yayana zai ce rubutu ne, don bai fasa kawowa ba, ni kuma ban fasa sha ba. Likitan asibiti ya ce lokaci ne da ƙwaya da yawan takawa. Ni abin da na gani da idona shi ne awar nan ta bayan dannawa, da yadda ta riƙa tsawo har ta haɗe da ta gaba. Amma na tura wani abokina mai goro a Kasuwar Dole, wanda nasa ya shekara uku, aka yi masa wata uku cur, matarsa ta fi tawa ƙoƙari, bai ga komai ba sai sauƙin numfashi. Ni ma hannuna bai dawo duka ba. Yana danne yadi, yana riƙe buta, amma ba ya zura zare a allura, ba ya ɗaura maɓalli, aikin da na fara da shi ina ɗan shekara ashirin da biyu.

Da na koma shago na sa aka ɗaura wa kekena mota ta lantarki, ina dannawa da ƙafar dama. Na ce ni da feda har abada. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, iyaka ta rufe. Wuta ta koma sai an gan ta. Ga kayan ƴan lakwal sun fara shigowa, yarana uku suna ta taka nasu, ni ina zaune ina kaɗa ƙuda ina ba da umarnin da ba wanda ya nema.

Wata ranar Alhamis, duk sun tafi kasuwa sayen zare, na cire bel ɗin motar na maida tsohuwar igiyar fata a kan babbar ƙafar keke. Feda ƙafa biyu take so, ɗaya a gaba tana dannawa da yatsu, ɗaya a baya tana dannawa da dunduniya. Na sa dama a gaba. Na ɗauki hagu da hannu na ajiye ta a baya, ta zame. Na sake ajiyewa, ta zame. Na yagi ƙyallen atamfa na ɗaure ta da ƙarfen. Na juya ƙaramar ƙafar keken da hannu, na danna dama, da aka zo kan hagu ta makara, keke ya koma da baya, zare ya tsinke. Sai da na jira wani yaro mai tallan ruwa ya zo wucewa ya zura mini. Karo na biyu ma haka. A na uku na daina kallon ƙafar, na dubi allura kawai, na tuna yadda take tura hannun uwargida a kan tebur. Keke ya ɗauka. Ba da sauri ba, da ɗingishi, ƙararsa ma daban, amma ya ɗauka.

Zanen uwargida ne a kusa, wanda ta ba ni tun kafin azumin da na faɗi in kalmashe mata bakinsa. Na kalmashe shi daga farko har ƙarshe, na naɗe na kai gida da dare. Ta buɗe shi a gaban fitila, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ce, "Malam, wannan wane yaron ne ya yi?" Na ce wani sabo ne na ɗauka. Ta ce a gaya masa ya warware daga nan zuwa nan, ya karkace. Ta ninke shi ta sa a ƙarƙashin matashinta, ta ce in hau tebur, isha ta wuce.